KOGIN JAMA'ARE: A AUNA SHI KAFIN A DATSE SHI

Maƙalar wannan mako ta faɗo kaina, kuma tun daga bakin ƙofa ina neman afuwar 'yan uwana mutanen Bauchi, domin abin da zan faɗa ba zai yi wa da yawa daga cikinsu daɗi ba. Ni ma ɗan ƙasar Katagum ne, a bakin kogin nan na tashi, don haka kada wani ya ce baƙo ne ya zo yana yi mana hassadar arziki.

Maganata guda ɗaya ce. Nijeriya na buƙatar doka da za ta sa a bi kogunan da har yanzu ba a datse su ba, a auna amfanin da suke yi a yadda Allah ya bar su, a rubuta sunayen waɗanda suka cancanta a kundi, a haramta gina babban dam a kansu. Kuma kogin da ya kamata a fara da shi shi ne kogin Jama'are, wanda aka shafe sama da shekara 40 ana wasa wuƙar yanka shi a Kafin Zaki.

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato za ku ji ɗan siyasa ya hau mumbari yana cewa ruwanmu yana tafiya a banza, in aka zaɓe shi zai tare mana shi. Jama'a su yi tafi. Wannan kalma ta "a banza" ita ce ƙaryar da nake so mu kwance yau. Ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Jama'are a watan Agusta yana da inda za shi, kuma akwai masu jiransa.

INA RUWAN YAKE ZUWA?

Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa. A sama ana kiransa Bunga. Ya ratso ƙasar Ningi, ya biyo ta Shira da Jama'are da Itas, ya gangara ƙasar Zaki, sannan ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru. A can yake haɗuwa da abin da ya rage na kogin Haɗeja, su zama kogin Yobe, wanda ya bi ta Gashuwa da Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar a yankin Diffa, har ya kai Tafkin Chadi.

In damina ta yi nisa kogin ya cika ya tumbatsa, ya malale fadamu. Wanda bai san wurin ba zai ce ambaliya ce kawai. Mutumin Bade ko na Guri ya san cewa shekararsa ce ta zo. A cikin wannan malala ake noman shinkafa. A cikinta kifi yake hayayyafa, tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da bargi, domin kifin kogi sai ya fita fadama yake zuba ƙwai. Da ruwa ya fara janyewa sai a bi danshin da ya bari a shuka wake da sauransu, ba inji, ba fetur, ba kuɗin ruwa. In rani ya tsananta, Bafulatani ya kora shanunsa zuwa ciyawar da ta tsiro a inda ruwan ya kwanta. Mata su yanko kaba su saƙa tabarma. Wani kaso na ruwan kuma ya nutse cikin ƙasa, shi ne yake cika rijiyoyin garuruwan da ko kogin ba sa hangowa. Tattasan Diffa da ake lodi zuwa kasuwanninmu da ruwan kogin Yobe ake shayar da shi. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram, ai ba a cikin rairayi ake yinsa ba.

Wannan shi ne "banzan" da ake nufi. Ruwa ɗaya ya ciyar da manomi da masunci da makiyayi da mai saƙa, ɗaya bayan ɗaya, a shekara guda, ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba.

MUN RIGA MUN GWADA, MUN GA SAKAMAKO

Da a ce ba mu taɓa datse kogi a wannan yanki ba, da sai a ce hasashe nake yi. To dausayin nan nonuwa biyu yake sha, Haɗeja da Jama'are, kuma an riga an ɗaure ɗaya. An kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. An kammala na Challawa a 1992. Waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja.

Zan faɗi gaskiya, Tiga ya yi amfani. Birnin Kano yana shan ruwansa. Duk wanda ya bi ta Kura da Kadawa da Bunkure ya ga shinkafa da tumatir ya san an samu arziki. Ba na musun wannan. Tambayata ita ce, wa ya biya kuɗin?

Mutanen ƙasa ne suka biya. A da kogin Haɗeja yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Bayan an gina dam sai al'amarin ya juye: babbar malalar damina ta ragu, da rani kuma ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan ba yankewa. Wannan ruwa mara ƙarfi da ba ya ƙafewa shi ne abincin ciyawar kachala. Ta mamaye hanyoyin ruwa, ta tare laka, ta toshe su. Ruwan da ya kamata ya wuce Gashuwa sai ya karkata ya kwanta a gonakin mutane a wajen Marma da Nguru, shekara da shekaru ba ya tashi, yayin da wasu rassan kogin suka bushe ƙurmus. Wani ya rasa gonarsa saboda ruwa ya yi yawa, maƙwabcinsa ya rasa tasa saboda babu ruwan. Sannan kachalar ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki, waɗanda suke sauka a gonar shinkafa ko gero su share ta kafin mai ita ya juya. Yau da manyan injuna ake yaƙi da wannan ciyawa, ana kashe kuɗin da babu wanda ya lissafa su ranar da ake yanka ƙyallen buɗe dam.

Masana da suka bi diddigin faɗin malalar sun nuna cewa a kusan 1970 takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000, amma zuwa farkon shekarun 1990 ta koma ƙasa da 1,000. Fari ya taimaka, wannan gaskiya ne. Amma fari yana zuwa ya wuce, dam kuwa yana nan daram.

A farkon shekarun 1990 ɗin nan wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa sun zauna sun yi lissafin da ya kamata a ce an yi tun kafin a haƙa tushen Tiga. Suka kwatanta abin da ma'aunin ruwa ɗaya yake samarwa in an bar shi ya malale fadama, ta fuskar noma da kifi da itacen girki, da abin da yake samarwa in an tura shi aikin noman rani na kogin Kano. Fadama ta yi wa aikin gwamnati fintinkau, ninki ba ninki. Kuma ba su ma sa kiwo da cika rijiyoyi a cikin lissafin ba. Wannan bincike ya shahara a duniya, ana koyar da shi a jami'o'i. A nan gida da abin ya shafa, sai ka rantse ba a taɓa yinsa ba.

In Haɗeja ba ta ishe mu wa'azi ba, ga Bakolori a kan kogin Sakkwato, wanda aka kammala a 1978. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka nemi haƙƙinsu, a watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sanda, aka zubar da jinin talakawa. Na ƙasan dam kuwa, shinkafar fadama da kamun kifinsu suka ja baya. Gani ga wane, in ji Bahaushe, ya ishi wane tsoron Allah.

SHEKARA ARBA'IN ANA RABA KWANGILA

Yanzu kusan duk ruwan kirki da yake isa Gashuwa daga Jama'are yake zuwa. Shi ne nonon da ya rage. Shi kuma ake so a ɗaure a Kafin Zaki, cikin ƙaramar hukumar Ningi, da dam mai cin ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.7, wanda ya fi Tiga.

Ku dubi tarihin aikin. An fara tunaninsa bayan farin farkon shekarun 1970. An ba da kwangila zamanin Shagari, aka soke a 1984. Aka farfaɗo da ita a 1992 zamanin Babangida, aka sake sokewa a 1994 zamanin Abacha. A 2008 gwamnatin Isa Yuguda ta sake tayar da maganar. A 2009 Sanata Ahmad Lawan na Yobe ta Arewa ya fito fili ya yi adawa, yana nuni da irin ɓarnar da Tiga da Challawa suka riga suka yi wa mutanensa. Daga nan zuwa yau, duk bayan 'yan shekaru sai maganar ta sake tasowa.

Abin lura a nan shi ne, abin da ya ceci kogin Jama'are duk tsawon wannan lokaci juyin mulki ne da rashin kuɗi da rigimar kwangila. Babu wata doka da ta tsaya masa. Ranar da aka samu gwamnati mai kuɗi da mai ba da rance, an gama. Kogin da miliyoyin mutane suka dogara da shi bai kamata rayuwarsa ta rataya a kan sa'a ba.

YADDA WASU SUKA YI

Amurka ta fi kowa sanin daɗin dam, tana da fiye da 90,000 a rajista. Amma a tsakiyar zamanin da take gina su ba ji ba gani, wasu 'yan ƙasar suka farga cewa in aka ci gaba a haka ba za a bar wa jikoki kogi ko ɗaya mai gudu da ƙafarsa ba. Ranar 2 ga Oktoban 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar kare irin waɗannan koguna. Aka fara da koguna 8, aka ware wasu 27 domin a bincika su.

Yadda suke binciken shi ne abin koyi. Tambaya ta farko: shin kogin, ko wannan yanki nasa, yana gudu ba tare da an datse shi ko an karkatar da shi ba? Ta biyu: yana da wata daraja ta musamman, ko da guda ɗaya ce, da ta fita daban a yankinsa, ta kifi, ko namun daji, ko tarihi, ko al'ada, ko kyan gani, ko shaƙatawa? In ya haye waɗannan biyun ya cancanta. Sai a sa shi a ɗaya daga aji uku gwargwadon yadda hanyoyi da gine-gine suka kusance shi, tun daga wanda yake can cikin daji ba a isa gare shi sai da ƙafa, har zuwa wanda titi ya bi gefensa kuma akwai garuruwa a bakinsa. Daga nan sai tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi wuya: ya dace a kare shi? A nan ake sauraron mazauna wurin, a duba me za a samu, me za a rasa, wa zai kula da shi. In majalisa ta amince, gwamnatin tarayya ba za ta ƙara ba da lasisin dam a kansa ba, ba za ta kuma sa kuɗinta a aikin da zai lalata darajar da aka kare shi dominta ba. Kogin da majalisa ta ce a bincika ma, muddin ana cikin binciken, ba a taɓa shi.

Bayan wannan suna da wani kundi na sassan koguna fiye da 3,200 da ake ganin za su iya cancanta, kuma tun 1979, bisa umarnin Shugaba Jimmy Carter, wajibi ne hukumomin tarayya su yi hattara da su kafin su yi wani aiki. Duk da haka, kogunan da dokar ta kare ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na kogunan ƙasar ba. Wato dokar ba ta hana Amurka noma ko lantarki ba. Cewa ta yi a cikin ɗari a bar ɗaya.

Ba su kaɗai ba ne. Suwidin ta keɓe manyan koguna huɗu a arewacinta ta hana a datse su. Finlan ta yi tata dokar a 1987. Albaniya, wadda ba ƙasa ce mai arziki ba, ta ayyana kogin Vjosa a matsayin gandun ƙasa a watan Maris na 2023, bayan an daɗe ana shirin jera masa madatsu. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa a cikin kogunan duniya da tsawonsu ya wuce kilomita 1,000, kashi 37 cikin ɗari kacal suka rage suna gudu daga tushe har ƙarshe ba shinge. Abin da muke da shi a Jama'are yana ƙara zama abu mai wuyar samu, mu kuma muna rige-rigen rabuwa da shi.

Ba cewa nake a kwafo dokar Amurka a manna ba. Su kyan gani da wasan kwale-kwale suka fi damunsu, mu tuwo ne. In za mu rubuta tamu, ma'aunin farko shi ne: mutum nawa ne suke ci daga malalar wannan kogi? Sai kifi, sai makiyaya, sai rijiyoyin da yake cikawa, sai al'adun da suka rataya a kansa, sai haƙƙin maƙwabta na ƙetaren iyaka. Ku ɗora kogin Jama'are a kan wannan sikeli ku gaya mini ta inda zai faɗi.

RAMIN DA KE CIKIN DOKOKINMU

Wani zai ce ai muna da dokoki. Muna da su, amma ku duba aikin kowace. Hukumomin raya kogunan da aka kafa a 1976, har da ta Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, an kafa su ne domin su gina dam su yi noman rani. Ba laifinsu ba ne, aikin da aka ba su ke nan, kuma ba a tambayar mahauci ko ya dace a bar sa ya tsufa. Dokar binciken tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 kuwa sai an riga an yanke shawarar yin aiki take shigowa, kuma mai aikin ne yake ɗaukar wanda zai rubuta rahoton ya biya shi. Tambayar da take amsawa ita ce yaya za a rage ɓarna. Ba ta tambayar ko wannan kogi yana cikin waɗanda ba a taɓawa sam.

Wani abin dariya mai kama da kuka: tafkin Nguru da mashigin Marma suna cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar tun shekarar 2000, su ne na farko a Nijeriya. Baturiya da Dagona sun shiga a 2008. Dagona tana cikin gandun ƙasa na yankin Tafkin Chadi, inda tsuntsaye suke tasowa tun daga Turai su yi hunturu. Duk mun sa wa waɗannan wurare allo da masu gadi. Amma ruwan da ya mai da su dausayi, babu takarda ɗaya da ta hana a tare shi kilomita ɗaruruwa a sama. Mun sa wa randa makulli mun bar rijiya a hannun mai rabo.

A 2006 gwamnonin jihohin da kogin ya shafa, Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, sun haɗu a Damaturu sun amince da tsarin kula da ruwan yankin da asusun haɗin gwiwa. Tun 1990 kuma akwai yarjejeniyar Maiduguri tsakanin Nijeriya da Nijar kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai, har da na kogin Yobe. Harsashi yana nan. Abin da babu shi ne doka mai haƙori.

AMSA GA MASU CEWA...

Na san abin da za a rubuto a ƙasan wannan maƙala, bari in rage muku wahala.

Na farko: "Turawa sun gina nasu sun ci gaba, yanzu suna so su hana mu." Turawan nan yanzu kuɗi suke kashewa suna rushe wasu daga cikin nasu. A 2024 aka kammala rushe madatsu huɗu a kan kogin Klamath na Amurka domin kifi ya dawo, bayan 'yan asalin yankin sun shafe shekaru suna fafutuka. Wanda ya zo daga baya yana da gatan ganin ramin da na gaba ya faɗa. Kuma masu kukan Kafin Zaki ba a Landan suke ba, suna Gashuwa da Gaidam da Damasak, da su muke salla sahu ɗaya.

Na biyu, wanda ya fi ƙarfi, kuma ni ma yana taɓa ni: "Kano ta ci nata, don me sai Bauchi za a ce ta haƙura?" Wallahi akwai zafi a wannan magana. An yi rashin adalci da aka bar jiha ɗaya ta tare kogi ba tare da an tambayi na ƙasa ba. Amma maganin zalunci na farko ba a samunsa ta hanyar ƙara na biyu a kan mutanen da na farkon ya riga ya kayar. Sannan mu duba taswira da kyau. Kafin Zaki tana sama da Shira da Jama'are da Itas da Zaki. Fadamun da za su fara rasa malala namu ne, na Bauchi, tun kafin a kai ga Yobe. In Bauchi tana da haƙƙi, kuma tana da shi, to a biya ta da abin da zai amfane ta: rijiyoyin burtsatse na fadama, injunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, ƙananan madatsu a kan rafuka, hanyoyin kai amfanin gona kasuwa, wuraren adana tumatir da albasa. Jihar da ta riƙe wa ƙasa kogi ta cancanci kaso na musamman, a rubuta shi cikin dokar.

Na uku: "Dam zai hana ambaliya." Tiga da Challawa suna nan, amma Ringim da Auyo da Haɗeja ba su daina kwana cikin ruwa ba. In dam ya cika a shekarar ruwa mai yawa dole a saki, kuma a lokacin da na ƙasa ya fi kowa rauni ake sakin. In kuma ba a kula da shi ba, ya zama abin tsoro. Bagauda ta ɓalle a 1988. Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, duk mun ga yadda Maiduguri ta koma. Ƙasar da ta kasa kula da madatsun da take da su, da wane ido za ta ce a ba ta wani wanda ya fi su? Maganin ambaliya a garuruwanmu shi ne gargaɗi da wuri, da ganuwa a inda ta dace, da daina raba filaye a kan hanyar ruwa.

Na huɗu: "Kogin da yake ƙafewa da rani, me za a kare a cikinsa?" Mai wannan magana bai taɓa tona rairayin kogin a watan Maris ba. Ruwan yana nan a ƙasa, kamu kaɗan. Shi ne dubban masu noman rani suke ja da ƙananan injuna a gefen kogin, kowa da gonarsa, ba ya jiran wani ma'aikaci ya buɗe masa ƙofar ruwa. Malalar damina ce take cika wannan rumbu na ƙarƙashin ƙasa kowace shekara. Cika da ƙafewar nan su ne lafiyar kogin. Mun ga abin da ya faru da Haɗeja da aka hana ta ƙafewa.

Na biyar: "Kariya ta ƙasa wata dabara ce ta Abuja ta ƙwace bakin kogi." Wannan tsoro yana da dalili, duk mun tuna hayaniyar da aka yi kan ƙudirin dokar albarkatun ruwa a majalisar tarayya. Shi ya sa dole a rubuta ɓaro-ɓaro cewa dokar hannun gwamnati take ɗaurewa. Manomi ya ci gaba da nomansa, masunci da tarunsa, makiyayi da mashayarsa, sarkin ruwa da ikonsa na gargajiya. Abu ɗaya aka hana: babban gini da zai tare kogin ko ya karkatar da shi.

Masu ganin wannan tunani baƙo ne, su koma littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaure. Hukuncin ruwan da yake gangarowa sananne ne: na sama ya sha gwargwadon buƙatar gonarsa, sannan ya saki ga na ƙasa, ba shi da ikon riƙe shi duka. Kuma keɓe wani wuri a hana taɓa shi domin maslahar jama'a, wato hima, an yi shi a Naƙi'u zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Sayyidina Umar kuma ya yi a Rabaza. Mun riga Amurka sanin wannan da fiye da shekara dubu.

ABIN DA NAKE NEMA

Ɗaya, majalisar tarayya ta yi dokar da za ta sa a ƙirga kogunan Nijeriya da suka rage ba a datse ba, a auna kowanne, a fitar da kundi wanda kowa zai iya karantawa, har da fassarar Hausa da Kanuri da Fulatanci.

Biyu, masu aunawar kada su zama hukumar da take gina dam ko ɗan kwangilarta. A sa jami'o'in yankin, a sa wakilan manoma da masunta da makiyaya na sama da na ƙasa, a yi zaman sauraron jama'a a Ningi da Jama'are da Gashuwa da Gaidam, a gayyaci mutanen Diffa.

Uku, muddin ana wannan aiki, a dakatar da duk wata kwangila a kan kogin Jama'are.

Huɗu, nauyin kawo hujja ya koma kan mai son datsewa. Shi zai nuna, da alƙaluma a bainar jama'a, cewa abin da za a samu ya fi abin da za a rasa, ya kuma faɗi sunan garuruwan da za su yi asara da yadda zai biya su.

Biyar, kuɗin da ake nema wa sabon dam a fara gyara waɗanda ake da su, a kuma sake tsarin sakin ruwan Tiga da Challawa yadda zai riƙa kwaikwayon malalar damina, kamar yadda masana suka daɗe suna ba da shawara.

In an yi wannan binciken tsakani da Allah ya nuna Kafin Zaki ta fi alheri, zan dawo wannan zaure in ce na yi kuskure. Masu son dam ɗin su ma su yarda a auna. Wanda yake da tabbacin kayansa ba ya gudun sikeli.

A cikinmu akwai 'yan Bauchi da 'yan Jigawa da 'yan Yobe da 'yan Borno, akwai 'yan uwanmu na Nijar, akwai injiniyoyi da lauyoyi da masu kusanci da 'yan majalisa. Ina so in ji daga bakin wanda yake zaune a Nguru ko Guri ya gaya mana abin da kachala ta yi wa gonar gidansu, in kuma ji daga ɗan Ningi da yake ganin na zalunce shi. A yi muhawara da hujja, ban da zagi. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a da alƙawarin tare ruwan da yake "tafiya a banza", ku tambaye shi sunan gari uku da suke ƙasan dam ɗin, da abin da mutanensu za su ci.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya da fari, ya sa shugabanninmu su ji.